Yayin Filafa da Rigunan Dare na Matan Turai da Amurka a Shekarun 1920

Filafa shi ne sunan da aka laƙaba wa 'yan matan biranen Amurka da Ingila na shekarun 1920, waɗanda suka rage gashinsu ya tsaya daidai kunne, suka kuma rungumi wata miƙaƙƙiyar rigar dare marar hannu, wadda ɗinkin ƙugunta ya sauko kan kwankwaso, tsawonta kuwa wajen 1926 bai wuce gwiwa ba. Kafin nan, macen da ta isa ba ta halartar liyafa sai ta sa kwaset, wato ɗamarar ciki mai ƙarafa da ke matse ƙugu har numfashi ya yi wuya.

Masana tarihi sukan danganta wannan sauyi da Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda ya tura mata aiki a masana'antu da ofisoshi, da kuma 'yancin jefa ƙuri'a da matan Amurka suka samu a 1920. Duk da haka, rawa da sauƙin ɗinki sun fi siyasa tasiri a kan siffar rigar. Rawar Calistan, wadda ta samo asali daga baƙaƙen fatar Amurka ta kuma game gari a 1923, tana buƙatar wurga ƙafa da kaɗa hannu, saboda haka teloli suka yalwata geza da ƙananan duwatsun gilashi domin rigar ta riƙa walƙiya tana bin motsin mai ita. Da yake yankanta miƙe yake, duk mai keken ɗinki tana iya kwaikwayon abin da masu tsara tufafi Coco Chanel da Jean Patou suka fitar a Faris, musamman da yadin reyon, silikin masana'anta mai araha, ya wadata a kasuwa.

Sai dai sakewar da mata suka samu daga kwaset ba ta zo haka kawai ba, domin rigar ba ta zama daidai sai a jikin siririya, abin da ya sa mata da dama suka koma ɗaure ƙirji da rage cin abinci, kamfanonin taba kuma suka shiga tallar sigari a matsayin hanyar rage ƙiba. A 1929, shekarar da kasuwar hannun jari ta Niyok ta durƙushe, Patou ya mayar da tsawon riga ƙasa, yayin ya soma shuɗewa. Rigunan da suka rage a yau kaɗan ne ke da lafiya, saboda nauyin duwatsun yana keta shara-sharan silikin da aka ɗinka su a kai, shi ya sa gidajen tarihi ke ajiye su a shimfiɗe cikin akwatuna maimakon rataye su.