Daga Maradi ko Kano zuwa Libreville: abin da ya kamata a sani kafin ƙetare iyaka da mota mai jan tirela

Matafiyin da ya tashi daga Maradi da mota yana jan ƙaramar tirela zuwa Libreville, babban birnin Gabon, sai ya ƙetare iyakoki uku: ta Nijar da Najeriya, ta Najeriya da Kamaru, sannan ta Kamaru da Gabon. Wanda ya tashi daga Kano kuwa biyu ne a gabansa. A kowace iyaka akwai jami'an ƙasar da ake bari da na ƙasar da ake shiga, kuma kowanne da takardun da yake nema.

Inda ake yawan samun tangarɗa shi ne kan tirelar kanta. Mai mota yakan ɗauke ta a matsayin wani ɓangare na motarsa, amma a wurin jami'an kwastan, waɗanda a Nijar ake kira duwan, tirela abin hawa ce mai zaman kanta, kuma kaya ce mai daraja da aka shigo da ita ƙasa. Haka abin yake ko ta ɗaukar kaya ce, ko irin ta tafi-da-gidanka mai gado da wurin girki wadda a Faransanci ake kira caravane. Idan ba a rubuta shigarta ba, ko aka rubuta shiga ba a rubuta fita ba, mai ita na iya fuskantar tara, ko biyan cikakken harajin shigo da kaya, ko ma a tsare ta.

Daga CEDEAO zuwa CEMAC

Tafiya tsakanin Maradi da Katsina ko Kano ta saba wa mutanen yankin da sauƙin zirga-zirga na Afirka ta Yamma. Ko bayan ficewar Nijar daga ƙungiyar CEDEAO, wato ECOWAS, a ranar 29 ga Janairun 2025, ƙungiyar ta sanar cewa za ta ci gaba da amincewa da zirga-zirgar 'yan Nijar ba tare da biza ba har sai an yanke wata shawara.

Wannan sauƙi yana ƙarewa ne a iyakar Kamaru. Daga nan an shiga yankin CEMAC mai ƙasashe shida: Kamaru, Gabon, Chadi, Afirka ta Tsakiya, Kongo Brazzaville da Ikwatoriyal Gini. Tun daga ƙarshen 2017 ƙasashen suka amince 'yan yankin su riƙa shiga ƙasashen juna ba biza na tsawon kwana 90, amma wannan bai shafi ɗan Nijar ko ɗan Najeriya ba. Ɗan Najeriya na shiga Kamaru ba biza don gajeriyar ziyara bisa yarjejeniyar da ke tsakanin ƙasashen biyu, ɗan Nijar kuwa sai da biza. Gabon kuma dukkansu biyu sai sun nemi biza.

A nan akwai wani tarko. Bizar da Gabon ta fara bayarwa ta intanet a 2015 an tsara ta ne don masu sauka ta filin jirgin sama na Léon-Mba da ke Libreville. Mai zuwa ta ƙasa ya kamata ya karɓi bizarsa a ofishin jakadancin Gabon, a manna ta a fasfo, kafin ya doshi iyaka. Katin rigakafin shawara ma wajibi ne a Kamaru da Gabon.

Kuɗi ma suna canzawa. Sefar da ake kashewa a Nijar ta bankin BCEAO ce, ta Kamaru da Gabon kuwa ta bankin BEAC. Darajarsu ɗaya ce, sefa 655.957 a kan yuro guda, amma takardun kuɗin sun bambanta, kuma ba a karɓar ta Yamma a shaguna da ofisoshin Afirka ta Tsakiya. Dole sai an yi canji, kuma 'yan canji na cire ladansu.

Takardun tirela

Abu na farko shi ne shaidar mallaka. Tirelar da ke da rajistarta, wato carte grise da lambarta daban da ta mota, ita ta fi sauƙin wucewa, domin jami'i zai duba lambar shasi da ke jikin ƙarfenta ya gwada da wadda ke kan takarda. Matsalar ta fi shafar tirelolin da masu walda ke ƙerawa a gida, waɗanda ba su da lambar shasi ko takardar masana'anta. Irin waɗannan na iya yin shekaru suna aiki tsakanin gona da kasuwa ba wanda ya tanka, amma a iyaka jami'i ba shi da abin da zai rubuta a takardar shiga. Maganin shi ne a yi mata rajista tun a gida, a buga mata lamba, a kuma riƙe rasidin saye ko na ƙira.

Nauyi ma yana da tasiri. Yarjejeniyar Vienna ta 1968 kan zirga-zirgar tituna ta kira tirelar da nauyinta tare da kaya bai wuce kilo 750 ba a matsayin mara nauyi, wadda mai lasisin ajin B zai iya ja. Sama da haka, a tsarin lasisin ƙasashen renon Faransa, ana shiga ajin E. Yarjejeniyar ta kuma tanadi cewa tirela ta ɗauki lambar rajista a bayanta, tata ko ta motar da ke janta. Lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa na rage gardama, musamman ga mai lasisin Najeriya da aka rubuta da Turanci. Idan direba ba shi ne mai motar ko tirelar ba, sai ya riƙe takardar wakilci da hukuma ta sa wa hatimi.

Izinin shiga na wucin gadi

Duk abin hawa mai lambar wata ƙasa yana shiga ne bisa sharaɗin zai fita. Hanyoyi biyu ake bi wajen tabbatar da haka.

Ta farko ita ce carnet de passages en douane, wani ɗan littafi da ƙungiyoyin masu motoci ke bayarwa a ƙarƙashin FIA da AIT, wanda tushensa yarjejeniyar kwastan ce ta New York ta 1954. Mai mota kan ajiye kuɗin jingina kafin a ba shi, kuma yana aiki na shekara guda. Kowane shafi kashi uku ne: jami'in shiga ya yage ɗaya, na fita ya yage na biyu, na uku ya zauna a littafin ɗauke da hatimi biyu. Wannan kashi na uku shi ne hujjar cewa abin hawa ya fita. Idan hatimin fita ya ɓace, ƙasar na da damar neman harajinta daga kuɗin jinginar. Wajibi ne a tabbatar tirelar ta shiga cikin littafin, ko kuma tana da nata.

Ta biyu ita ce takardar da kwastan ke yankewa a bakin iyaka, wadda ake kira passavant ko laissez-passer. Ita ce 'yan yankin suka fi amfani da ita. Wa'adinta gajere ne kuma a jikinta ake rubuta shi. Kafin barin ofis, ya kamata matafiyi ya karanta ya ga an sa lambar tirela da lambar shasinta tare da na mota, ya kuma karɓi rasidin duk abin da ya biya. Takardar da ta ambaci mota kaɗai tana nufin tirelar ta shigo ba bisa ƙa'ida ba, ko da jami'i ne ya manta, kuma shingen farko na kan hanya zai iya gano hakan.

Inshora

Katin inshorar CEDEAO, wato carte brune, an kafa shi ne da yarjejeniyar Kwatano ta 1982, kuma aikinsa ya tsaya a Afirka ta Yamma. A yankin CEMAC takwaransa shi ne carte rose. Don haka mai mota daga Nijar ko Najeriya sai ya sayi sabuwar inshora da zarar ya shiga Kamaru, ya kuma nemi wadda ke tare da carte rose domin ta yi masa aiki har Gabon.

Dokar inshora ta CIMA, ƙungiyar da aka kafa a Yawunde a 1992 kuma hedikwatarta ke Libreville, ta fito fili a sashe na 200: wajabcin inshora ya shafi mota da kuma tirelar da take ja. Nijar, Kamaru da Gabon duk mambobi ne. Idan tirela ta kuɓuce a gangara ta yi ɓarna alhali ba a ambace ta a takardar inshora ba, kamfani na iya ƙin biya, nauyin ya dawo kan mai mota.

Kayan da ke ciki

Izinin wucin gadi na tirela ne, bai shafi abin da ke cikinta ba. Kayan amfanin kai kamar tufafi, shimfiɗa da tukwane ba su da matsala. Amma da zarar kaya sun yi kama da na sayarwa, kamar buhunan albasa, bandiran atamfa ko wayoyi masu yawa, to sun faɗa ƙarƙashin harajin bai-ɗaya na CEMAC, ban da harajin TVA. Rubutaccen jerin kaya da Faransanci, mai ɗauke da lambobin na'urori irin su janareta, yana rage daɗewa wajen bincike.

Kayan abinci na bi ta hannun hukumar AGASA mai kula da ingancin abinci a Gabon. Jami'an gandun daji kuma na tsananta bincike kan hauren giwa da namun dajin da doka ta kare, musamman a hanyar fita.

Hanyar da ake bi

Zaɓen mashiga tsakanin Najeriya da Kamaru batu ne na tsaro. Banki da Gamborun Ngala a jihar Borno sun sha fama da rikicin Boko Haram. Mashigar Mfum da Ekok a jihar Kuros Riba kuma tana kai wa ne ga yankin masu magana da Turanci na Kamaru, inda ake rikici tun 2016. Akwai kuma hanyoyin jihar Adamawa da ke ɓullewa Garwa. Daga Garwa titi ya bi ta Ngaundere, Garwa Bulai, Bertoua, Yawunde, Ebolowa har zuwa Ambam.

A Ambam hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta nufi Abang-Minko'o ta haye gadar kogin Ntem zuwa Eboro. Ɗayar ta bi ta Kyé-Ossi, garin kasuwa da ke mahaɗar iyakokin Kamaru, Gabon da Ikwatoriyal Gini, ta shiga Gabon ta Meyo-Kyé. Dukkansu a Bitam suke haɗuwa, kimanin kilomita 30 daga iyaka. A ofishin hukumar shige da fice ta DGDI da ke Bitam ake kammala batun hatimin fasfo, don haka wanda ya wuce garin bai tsaya ba zai iya samun kansa a cikin ƙasa ba shaidar shiga. Ana iya tambayarsa adireshin masauki ko takardar gayyata.

Bitam da Oyem garuruwa ne da Hausawa suka daɗe da zama tun zamanin mulkin mallaka, suna da unguwanninsu da masallatansu, kuma baƙon da ke jin Hausa ba zai rasa wanda zai yi masa jagora ba.

Daga Bitam zuwa Libreville kusan kilomita 600 ne, ta Oyem, Mitzic, Ndjolé, Bifoun, Kango da Ntoum. Hanyar na ratsa layin ikwaita sau biyu, kuma a kewayen Ndjolé tana bin gefen kogin Ogooué cikin kwana-kwana da hawa da gangara, tare da manyan motocin dakon gumagumai. A nan ne birki, ƙugiyar ja, sarƙar kariya da fitilun baya na tirela ke nuna ingancinsu. Tayar tirela sau da yawa girmanta daban ne da na mota, saboda haka tana buƙatar safiyarta. Lokacin rani a Gabon, daga Yuni zuwa Satumba, shi ya fi dacewa da tafiyar. Shingayen jandarma da 'yan sanda na da yawa, kuma kwafin takardu da dama na sa ba sai an riƙa miƙa na asali a ko'ina ba.

Bayan isa Libreville

Wa'adin passavant na ci gaba da tafiya ko da tirela na ajiye a gida. Mai niyyar daɗewa sai ya nemi ƙari a ofishin kwastan kafin ranar ta cika. Haka kuma ba a sayar da mota ko tirelar da ta shigo da izinin wucin gadi, ba a kuma bar wa ɗan'uwa ita kyauta, sai an biya mata haraji an mayar da ita kan rajistar Gabon. Ƙasar na da dokar ƙayyade shekarun tsofaffin motocin da ake shigowa da su, wadda ya kamata mai tunanin sayarwa ya bincika tun kafin ya taso. Wanda ya koma gida ta jirgi ya bar tirela a baya, sunansa ne ke rubuce a matsayin wanda ya shigo da ita.

Akwai kuma yiwuwar rufe iyaka ba zato. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Iyakar Najeriya da Nijar ta kasance a rufe bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024. Gabon ma ta rufe nata a ranar juyin mulkin 30 ga Agustan 2023, ta buɗe bayan kwana uku. A irin wannan hali, wanda wa'adin takardarsa ya kusa cika ya kamata ya je ofishin kwastan mafi kusa a rubuta masa ƙari, maimakon ya zauna jiran buɗe hanya.

A ranar komawa, aikin ƙarshe a Eboro ko Meyo-Kyé shi ne miƙa takardar shiga a soke ta, tare da tabbatar da cewa an rubuta fitar mota da ta tirela duka biyu, a kuma adana shaidar hakan har bayan isa gida.