Daga Ci 57 da Nema Zuwa Kofin Duniya Biyu: Me Koci Ke Canzawa a Ƙungiya?

A watan Satumba na 2017, ƙungiyar zari-ruga ta Afirka ta Kudu, wadda ake kira Springboks, ta je New Zealand aka lallasa ta da ci 57 da nema. Ba ta taɓa shan kashi irin wannan ba a tarihinta. Shekara biyu da 'yan makonni bayan haka, ranar 2 ga Nuwamba 2019, ta doke Ingila 32-12 a Yokohama ta ɗaga kofin duniya, ta kuma sake ɗaga shi a Faransa a 2023. Siya Kolisi da Eben Etzebeth da Malcolm Marx da Tendai Mtawarira suna fili ranar kunyar, suna kuma fili ranar murnar Yokohama. Mutanen su ne dai, wanda ke riƙe da su ne ya canza.

Zari-ruga ba wasanmu ba ne. A Arewa sai dai ka ji labarin ƙungiyar Barewa ta Kano, gidajen kallo na Bahindi da Bagudo da Kaoje kuwa ƙwallon ƙafa ce ke cika su. Amma wasa ne da ba ya rufa wa ƙungiya asiri. Mutum 15 ne a kowane ɓangare, ba a jefa ƙwallo gaba da hannu sai baya, kuma idan ƙarti takwas suka haɗa kafaɗa suna turereniya da takwas ɗin abokan hamayya, mutum ɗaya ya sassauta, duka an tura su. Gwani ɗaya ba ya ceton kowa. Shi ya sa aikin koci ke fitowa fili a nan fiye da sauran wasanni.

Rassie Erasmus ya karɓi ƙungiyar a Maris 2018. Abin da duniya ta fi gani shi ne naɗa Kolisi kyaftin, baƙar fata na farko da ya riƙe wannan muƙami a ƙungiyar da ta daɗe tana zama tutar fararen fata. Kolisi ɗan Zwide ne, unguwar talakawa a birnin da a da ake kira Port Elizabeth, tallafin karatu ne ya kai shi makarantar Grey. A wasansa na farko na kyaftin Ingila ta shiga gabansu 24-3 a Johannesburg, suka farfaɗo suka ci 42-39.

A ganina wani abin da ba ya fitowa a talabijin ya fi naɗin nauyi. Erasmus ya daina zaɓen 'yan wasa a asirce. A gaban kowa yake faɗin wanda zai buga da wanda zai zauna, da dalili, yana nuna hoton bidiyo da lissafin aikin kowa: sau nawa ka kama mutum, da wane sauri ka tashi bayan ka faɗi. A ƙasar da ake gardama kullum kan ko an ɗauki wane don launin fatarsa ne ko don ƙwazonsa, wannan ya toshe ƙofar tsegumi. Wanda aka ajiye ba ya buƙatar zuwa ɗakin abokinsa da dare ya tambayi me ya sa, ya riga ya ji da kunnensa, kowa ma ya ji.

Daga nan salon wasan ya samu wurin tsayawa. Ana zuwa fili da 'yan benci takwas, kuma al'ada ita ce biyar ƙarti ne, uku masu gudu. Erasmus ya mayar da shi shida da biyu a 2019. A wasan ƙarshe na 2023, lokacin Jacques Nienaber na koci shi kuma yana darakta, suka kai shi bakwai da ɗaya. Manufar ita ce da an dawo hutun rabin lokaci a zubo sabbin ƙarti kan mutanen da suka gaji. Dabarar ba za ta yi aiki ba sai babban ɗan wasa ya yarda zaman benci ba raini ba ne. Marx na cikin gwanayen duniya a gurbinsa, amma daga benci ya shigo wasan ƙarshe na 2019. A wasan kusa da na ƙarshe na 2023 da Ingila an cire Manie Libbok bayan kusan minti 30 kacal, aka sa Handré Pollard, shi ya buga ƙwallon da ta ba su nasara 16-15. A ƙungiyar da babu amana, cire mutum da wuri haka ya isa ya raba kan 'yan wasa gida biyu.

Sai dai kuskure ne a jingina komai ga tarbiyyar ƙungiya. Erasmus ya dawo da Faf de Klerk da Willie le Roux daga ƙungiyoyin Ingila, kuma a 2019 aka soke dokar da ke taƙaita kiran masu wasa a waje. Makarantun sakandaren ƙasar irin su Grey College da Paul Roos suna fitar da 'yan wasa duk shekara. Akwai kuma sa'a. A 2023 wasanninsu uku na ƙarshe da maki ɗaya-ɗaya suka ci: Faransa 29-28, Ingila 16-15, New Zealand 12-11. A na ƙarshen an kori kyaftin ɗin New Zealand, Sam Cane, da jan kati, 'yan wasansu kuma suka zubar da bugu biyu. Da ɗaya ya shiga, da wani labarin ake bayarwa yau. Shi kansa Erasmus ba a rasa shi da tabo: a 2021 hukumar wasan ta duniya ta dakatar da shi saboda dogon bidiyon da ya yi yana caccakar alƙalin wasa. Koya wa yara cewa duniya duka na adawa da su yana haɗa kansu, amma yana zubar da mutuncin alƙalanci.

Labarin koci Eddie Jones ya nuna ɗaya fuskar. Mutum ne mai tsanani, a Japan tun da asuba yake tayar da 'yan wasa atisaye, kuma da su ya kayar da Afirka ta Kudu 34-32 a 2015, abin da har yau ake mamakinsa. Ya kai Ingila wasan ƙarshe a 2019. Amma mataimakansa sun yi ta barin aiki ɗaya bayan ɗaya, aka sallame shi a Disamba 2022. Da ya koma Ostireliya ya ajiye manya irin su Michael Hooper da Quade Cooper, Fiji ta ci su, Wales ta yi musu 40-6, suka fita daga kofin duniya na 2023 tun zagayen rukuni, karo na farko a tarihinsu. Tsanani na haifar da sakamako da sauri, amma ba ya daɗewa idan tsoro kaɗai ke riƙe da mutane.

A ƙasar Bagudo ƙungiyar ƙwallon gari ɗaya za ka iske Bahaushe da Badendi da Bafulatani da ɗan Kyanga ko Busa, wani ma danginsa na can Segbana a tsallaken iyakar Benin. Kamar Springboks ne, inda ake jin Afirkans da Xhosa da Turanci a ɗaki ɗaya. Ba bambancin yare ke rushe irin wannan ƙungiya ba. Abin da ke rushe ta sananne ne: yaro ya yi wata guda yana zuwa fili bayan la'asar, daga gona ko daga kogi, ranar gasa sai a ba ɗan wanda ya sayi riguna gurbinsa, ko a ɗauko sojan haya daga wani gari. Ba ya cewa komai. Gobe dai ba za ka gan shi ba, jibi abokansa biyu sun bi shi.

Kocin ƙauye ba shi da bidiyo, ba shi da kuɗin Afirka ta Kudu, ba shi da makarantunta. Abin da ya fi amfani cikin aikin Erasmus kuwa ba ya cin ko sisi. Malam koci, ka riƙe littafin masu zuwa atisaye, ka tara yaranka kafin wasa ka faɗi sunaye goma sha ɗaya da dalilinka a gaban kowa, ka gaya wa ɗan benci lokacin da kake son ya shiga da aikin da zai yi. Masu ɗaukar nauyin ƙungiya kuma, ku sayi riguna da ƙwallo, Allah ya saka, amma ku bar wa koci zaɓen wanda zai buga.