Masu Kwana a Dajin Kainji: Wa Ya San Inda Suka Sauka?

Da zarar bazara ta kama, ruwan Tafkin Kainji ya fara ja da baya, gaɓar da ta taso daga ƙasar Shanga ta bi ta Yelwa ta gangara Wara takan cika da mutanen da ba su nan wata uku da suka wuce. Masunci ya ɗaure jirginsa, ya kafa dirkoki huɗu ya kewaye da zana, matarsa ta gina banda da laka. Can gaba kaɗan Bafulatani ya sare ƙaya ya yi wa maruƙa shinge, ya hura wutar da hayaƙinta zai kori ƙudaje daga garke. A cikin kurmi kuma akwai mai ƙona gawayi, da mafarauci, da samarin da suka zo haƙar zinariya. Dukansu a daji suke kwana, kuma babu wani littafi a sakatariyar ƙaramar hukuma da ya san adadinsu ko inda suka sauka.

Ba son yawo ne ya fito da su ba. Ruwa ne ke juya su. Tun da aka datse Kogin Kwara a 1968, tafkin da ya samu, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,270, cika yake yi yana ramewa kowace shekara. Ambaliya biyu ke ciyar da shi. Ta farko ita ce farin ruwa mai laka, wanda damunar ƙasarmu ke turowa ta Gulbin Sakkwato da sauran rafuka daga wajen Agusta. Ta biyu baƙin ruwa ce, wadda ta taso tun daga tsaunukan Gini, ta daɗe tana ratsa fadamun Mali har lakarta ta kwanta, ba ta isowa sai cikin hunturu. Daga nan injinan lantarki su yi ta jan ruwa, tafkin ya yi ƙasa da kimanin mita 10 kafin wata damunar. Ƙasar da ruwan ya bari a baya tana da danshi da taki, burugu ya tsiro, kifi ya taru a wuraren da suka rage da zurfi. Wanda abincinsa ke wurin ba zai zauna a gari yana jira ba. Haka kakanninsa suka yi tun kafin dam, lokacin da Gungawa ke noman albasa a tsibirai, Sarkawa na bin kogi da taru. Mutane kusan 44,000 aka tayar daga matsugunansu saboda tafkin, aka gina musu sababbin ƙauyuka, amma gidan siminti bai hana kifi ƙaura ba. Garuruwa da yawa a wannan yanki, irin su Tungan Giwa ta ƙasar Shanga, sunansu ma yana nuna cewa da 'yan bukkoki suka fara.

Akwai abin da masana daji suka tabbatar wanda makiyayi ya daɗe da sani: saukar ɗan lokaci ba ta kashe ƙasa. Garken da ya yi mako biyu a wuri ya tashi yakan bar kashi da fitsari, ciyawa ta dawo fiye da da. Shi ya sa manomin Kambari ko na Shangawa kan roƙi Fulani su sauka a gonarsa bayan girbi, har ya haɗa musu da dami. Ɓarna tana farawa ne idan zama ya yi tsawo a wuri ɗaya. Kofato ya daddage ƙasa har ruwan sama ya kasa shiga, sai ya bi ta kai ya yanka zaizaya. Itacen da ke kusa ya ƙare, a koma kan ɗanye. Kawo da madaci da maɗobiya, waɗanda ake sassabe rassansu don dabbobi a ƙarshen rani, suna jure sara idan an bar su shekara biyu ko uku su farfaɗo. Idan kowace bazara sai an aske su, a tsaye suke bushewa. Banda kuwa cin itace gare ta. Duk wanda ya tsaya kusa da ita da asuba, ya ga yadda mace ke jera tarwaɗa a kan waya tana tura gungumen ƙirya a ƙasa, idanunta jawur saboda hayaƙi, ya san cewa kowane kwandon kifi da ya isa kasuwar Yawuri da rabon wata bishiya a cikinsa.

Sai wuta. Wutar da aka sa a farkon kaka, ciyawa da sauran danshi, lasar ƙasa take yi ta mutu da kanta. Wadda ta kuɓuce daga murhu a watan Fabrairu, iskar hunturu na kaɗawa, takan haɗiye tsiron itatuwa, da amya, da rumbun wanda bai ji ba bai gani ba.

Abin da ya fi damuna shi ne lafiyar yaran da ke tasowa a waɗannan wurare. Tunga ba ta da masai, ba ta da rijiya. Tafkin shi ne wurin sha, shi ne wurin wanka. A nan tsargiya ke samun gindin zama. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin wata 'yar katantanwa da ke maƙale a ciyawar gaɓa, bayan 'yan makonni dubban 'ya'yan tsutsa su fito su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Yaro ya fara fitsarin jini, wasu iyayen su ɗauka alamar girma ce. Maganinta, praziquantel, ba shi da tsada, kuma a makarantu ake yawan raba shi. To yaron da ke tunga wace makaranta yake zuwa? An kafa Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa a 1989, daga baya aka sa 'ya'yan masunta masu ƙaura a cikin aikinta, amma malami da mai rigakafi ba sa zuwa inda ba a rubuta sunansa ba.

A ƙetaren iyakar Jihar Kebbi, inda waɗannan tungaye suke, cikin jihohin Neja da Kwara, akwai ɗayan salon kwana a daji, wato wanda hukuma ta shata. Gandun Dajin Ƙasa na Kainji, wanda aka kafa a 1979 ta hanyar haɗe dajin Borgu da na Zugurma, ya kai murabba'in kilomita 5,340, kuma shi ne na farko a Najeriya. A cikinsa doka ta hana kiwo da farauta da saran itace da zama. A da, baƙo kan shiga da izini, tare da ma'aikacin gandu, ya kwana a sansanin da aka gina a bakin Kogin Oli, ya wayi gari ya ga dorina da gwamki da maraya. Tsari ne mai kyau ga namun daji, kuma ina goyon bayan a tsare shi. Sai dai an yi shi ne don mai zuwa kallo. Wanda ke kwana a daji don neman abinci ba a yi masa nasa sansanin ba. Dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 ta yi niyyar haka ga makiyaya, amma kaɗan daga wuraren aka tabbatar a hukumance, gonaki kuma suka cinye burtali da mashaya. Shirin Ruga na 2019 ko fara aiki bai yi ba aka dakatar da shi.

Ga kuma inda aka kwana yanzu. Wanda ya fi kowa sakewa a dajin shi ne mai bindiga. Ranar 17 ga Yuni 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai da malamai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, wasu 'yan matan ba su dawo gida ba sai 2023. A 2024 cibiyar bincike ta Clingendael da ke ƙasar Holan ta fitar da rahoto kan yadda masu ɗauke da makamai daga yankin Sahel ke samun mafaka a gandun Kainji ta iyakar Benin. Tun daga nan duk hayaƙin da ya tashi a kurmi abin zargi ne. Ana iya fahimtar tsoron mutanen gari. Amma idan aka ce kowa ya fita daga daji, masu gaskiya ne kaɗai za su fita, kuma su ne idon gari. Masuncin da ya san kowane lungu na gaɓa shi zai fara ganin baƙon jirgi. Makiyayin da ardonsa ya san da saukarsa shi zai fara ganin sawun babura goma inda ba hanya.

Ƙasar nan ba baƙuwa ba ce ga tsara masauki. Ayarin fataken goro da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja ta Yawuri yake bi, ya haye Kwara ya ratsa Borgu, mutane ɗaruruwa da jakuna. Ba inda dare ya yi musu suke yada kaya ba. Akwai zango sananne a bayan gari kusa da ruwa, akwai mai kula da shi, madugu ya je ya gai da sarki, a biya abin da aka yanka, a san ranar tashi. Har yau ragowar wannan ladabi na nan: masuncin kirki ba ya jefa koma a ruwan da bai gai da sarkin ruwansa ba, kuma tambayar farko da dattijo kan yi wa baƙo ita ce, “Malam, wa ya saukar da kai?” A shekarun 1990, lokacin da aikin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus kan kamun kifi a Kainji ya ƙidaya tungayen tafkin, ya kawo lasisi, aka kuma hana jan dala mai kwashe 'ya'yan kifi tare da warangi, ta hannun sarakuna da shugabannin masunta aka bi.

Ko a Amurka, inda mutane ke kwana a daji don shaƙatawa, hanya biyu suka buɗe. Akwai sansani mai ruwa da makewayi da ake biya, akwai kuma izinin sauka a warwatse cikin dazuzzukan gwamnati kyauta, bisa sharaɗi: galibi kada a wuce kwana 14 a wuri ɗaya, a nisanci bakin ruwa, a binne bayan gida, a kashe wuta kafin a tashi, a lokacin fari ma a hana hura ta ɗungum. Bukatarmu ta fi tasu nauyi, tunda mu abinci ake nema, amma sharuɗɗan ba su fi ƙarfin dagaci ba.

Abin da ƙananan hukumomin Shanga da Yawuri da Ngaski za su iya yi tare da masarautar Yawuri ba ya bukatar jiran Abuja. Kowane dagaci ya riƙe littafin masu sauka a ƙasarsa: sunan shugaban tunga ko ardo, yawan mutanensa, ranar zuwa da ranar tashi, ba tare da an mai da abin hanyar tatsar kuɗi ba, don ranar da aka fara karɓar na goro ranar mutane za su koma ɓuya. Wuraren da aka san ana cika kowace bazara a haƙa musu rijiyar burtsatse da masai a tudu, sama da inda ruwa ke kaiwa idan tafki ya cika. A ware inda za a sari itace bana, a hutar da shi baɗi. Littafin nan kuma a ba ma'aikacin lafiya na gunduma kofinsa kafin watan Maris, domin ya san tungayen da zai bi da maganin tsargiya da allurar rigakafi tun ruwa bai dawo ya tashe su ba.