Fararen Ƙadangarun Amurka

A ƙasar Amurka, cikin jihar Niyu Meziko, akwai wani fili mai ban mamaki wanda mutanen wurin ke kira Farin Rairayi. Faɗinsa ya kai murabba'in mil 275, kuma duk inda mutum ya ɗaga ido ba ya ganin kome sai tuddan rairayi fari fat kamar garin rogo. Rairayin nan garin wani farin dutse ne mai taushi, irin wanda ake sawa cikin siminti. Ruwan sama ne ya narko da shi daga duwatsu, ya tara shi cikin wani tafki. Da tafkin ya ƙafe, sai iska ta yi ta niƙa shi tana tarawa. Masana sun ce tuddan nan ba su wuce shekara 10,000 da kafuwa ba. A shekarar 2019 gwamnatin Amurka ta sa wurin cikin manyan gandayenta na ƙasa.

Ƙasar da ke kewaye da filin kuwa baƙa-baƙa ce, ƙadangarunta ma haka launinsu yake. Amma a kan rairayin akwai ƙadangaru iri uku waɗanda suka yi fari. Na farko ba a ganin kafar kunnensa. Na biyu shi ne ƙadangaren shinge, mai son hawan itatuwa. Na uku siriri ne, mai doguwar wutsiya kamar bulala. Kowannensu yana da 'yan'uwa masu duhun jiki a bayan filin, kakanninsu ɗaya.

To, yaya aka yi suka yi fari? Kowane mai rai yana da waɗansu 'yan abubuwa cikin jikinsa, waɗanda ido ba ya iya gani, ana ce da su ƙwayoyin gado. Rabinsu daga uwa yake samu, rabi daga uba, su ne kuwa ke sa ɗa ya yi kama da iyayensa. Sa'ad da kakannin ƙadangarun nan suka shiga rairayin, sai suka zama kamar gawayi a kan farin zane. Tsuntsu na hango su daga nesa, ya sure. Wanda jikinsa ya ɗan fi haske shi ya fi tsira, har ya rayu ya yi 'ya'ya, su kuma su gaje shi. Ana nan ana nan, sai farare suka rinjaya.

Wata malama mai suna Erica Rosenblum ta yi shekaru tana binciken ƙadangarun nan. A shekarar 2010 ita da abokan aikinta suka bayyana wani abu game da ƙwayar gadon da ke da hannu a launin fata. Ƙadangaren shinge in ya gaji farin daga uwa kaɗai, ko daga uba kaɗai, ya isa ya yi haske. Amma mai wutsiyar bulala sai ya gada daga wajen su duka biyu.

Sai dai fa babu ganuwa tsakanin farin rairayi da baƙar ƙasa. A bakin iyaka ana haɗuwa, baƙi ya yi barbara da fara, 'ya'yansu su ɗauko gado daga nan da can. Ta haka ƙwayoyin gado ke malala daga wannan gefe zuwa wancan, kamar yadda ruwa ke bin lambatu daga wata gona zuwa wata. Watau abu biyu ke ja-in-ja. Tsuntsaye suna tsince baƙaƙen da suka shigo rairayi, suna ƙara raba dangin biyu, cuɗanyar bakin iyaka kuwa tana mai da su ɗaya.

Ƙarfin ja-in-jan nan ya bambanta ga kowane iri. Mai wutsiyar bulala sarkin yawo ne, yini yake yi yana neman ƙwari, saboda haka ba a rasa mai ƙetare iyaka, kuma gadon fararensa bai yi nisa da na baƙaƙen ba. Marar kafar kunne kuwa ba ya cuɗanya da danginsa na waje sosai. Shi ya fi sauran fari, kuma shi ne gadonsa ya fi rabuwa da na 'yan'uwansa. Har an gwada shi, aka ajiye wa farin namiji mata biyu, ɗaya ta rairayi, ɗaya ta baƙar ƙasa. Sau da yawa sai ya nufi farar yana yi mata gwada, irin yadda jan gwada ke yi a kan katanga. Duk da haka har yanzu masana suna lissafa fari da baƙi a iri ɗaya, domin in sun haɗu suna iya haihuwa.