Jan Biri da Kanari: Wa Ya Fi Kusa da Ƙarewa?

Wanda ya ratsa lungunan Birni a Damagaram ya ji kanari na rera waƙa cikin keji a bakin zaure, sai tausayi ya kama shi. Jan biri kuwa ko "Allah sarki" ba ya samu, ɓarawon gero ne da gujiya. A ganina mun sa tausayin nan a baibai.

Masana rabe-raben halittu sun gaskata masu cewa biri ya yi kama da mutum, domin sahu ɗaya suka sa mu da shi. Kanari yana cikin tsuntsaye mawaƙa, dangin da ɗa ke koyon waƙa daga bakin manya. Ashe wanda ya fara cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi ya kasa kunne da kyau! Amma a kundin ƙungiyar kare halittu ta IUCN, kanarin Sahel yana cikin waɗanda ba a fargabar ƙarewarsu, jan biri kuwa a 2020 aka matsar da shi sahun masu dab da shiga haɗari.

Manomi zai ce ina, bai taɓa ganin biri a gonarsa kamar yanzu ba. Yawan ganin nan shi ne shaidar. Jan biri a ƙasa yake yini, gudunsa kan kai kilomita 55 a awa, yana kiwon ƙaro da ƙwari, kuma garke ɗaya sai daji mai faɗi ke riƙe shi. Da gona ta cinye dajin, ina zai dosa in ba gonar ba? Macen ɗa ɗaya take haifa a shekara. Birin da mai wasa ke ja kuwa, ana ganin wuyansa aka ɗaure shi a ƙugu, sau da yawa sai an kashe uwar ake samunsa. Kanari kan saka ƙwai uku ko huɗu, tsabar ciyawar bakin gona ta ishe shi. Hatta gawon da manoman Mirriya, Magariya da Matamaye suka raya tun shekarun 1980 ya fi amfanar tsuntsu, domin a tsakiyar gona yake, ƙarƙashinsa ga yaro da majajjawa, ga kare.

Akwai ƙorafin da na yarda da shi: lissafin kundin na duniya ne, masu tarko na iya share kanarin ƙauye guda bai motsa ba. Sai dai in an ɗaga tarkon, tsuntsu kan taso daga ƙauyen gaba ya cike gurbin. Garken biri in ya watse, gonaki sun riga sun datse hanyar da wani zai biyo.