Ɗan Bayan Da Ya Ci Gidansu

Duk malamin da ya taɓa raba yara gida biyu domin wasan ƙwallo ya san rigimar da ke tashi. Kowane yaro gaba yake so ya buga. In muka ce wa ɗaya, "Kai, koma baya," sai ya turo baki kamar an hana shi tuwo. Ba mu cika ganin laifinsu ba, gama wanda ya jefa ƙwallo a raga shi ake ɗagawa sama, na baya kuwa ba a tunawa da shi sai ran da ya yi kuskure. To, a wannan wata za mu ba ku labarin wani mutumin Rasha wanda ya yi shekara 20 yana tsaron baya, ya kuma yi kuskurensa mafi girma a gaban duniya duka sa'ad da ya riga ya tsufa a wasan. Sunansa Sergei Ignashevich.

An haife shi a birnin Mosko ran 14 ga Yuli, 1979. Bai fara da babbar ƙungiya ba. Daga wata ƙarama a garin Orekhovo-Zuyevo ya tafi Samara, sa'an nan a 2001 ƙungiyar Lokomotiv ta Mosko ta ɗauke shi, har suka zama zakarun ƙasar a 2002. A ƙarshen 2003 ya koma CSKA, wato ƙungiyar da asalinta ta sojojin ƙasar ce. A nan ya kafa gindi, bai sake ƙaura ba har ya ajiye takalma a 2018.

Ignashevich ba mai gudu ba ne ainun. Abin da yake da shi shi ne ido. Tun ƙwallo tana ƙafar abokin gaba ya riga ya gane inda za ta bi, sai a tarar da shi tsaye a wurin kamar an aika masa da wasiƙa. Yana da ƙarfin bugu kuma, har akan bar masa bugun tazara. Su huɗu ne suka riƙe gidan CSKA shekara da shekaru: shi, da tagwayen nan Aleksei da Vasili Berezutski, da mai tsaron gida Igor Akinfeev. Yawan zama tare ya sa kowannensu ya san halin ɗan'uwansa ba sai an yi magana ba.

Ran 18 ga Mayu, 2005, suka buga wasan ƙarshe na Kofin UEFA da ƙungiyar Sporting a birnin Lisbon, a filin ita Sporting ɗin kanta. Masu gida suka fara ci, aka tafi hutu a haka. Da aka dawo sai CSKA ta zuba uku, aka tashi 3 da 1. Kafin ran nan ba ƙungiyar Rasha da ta taɓa ɗaukar babban kofin Turai. Wani ɗan Nijeriya, Chidi Odiah, yana cikin waɗanda suka buga tare da shi a ranar. Daga baya, a 2012, Ahmed Musa, wanda muka sani tun yana Kano Pillars, shi ma ya je CSKA. Sau uku suka ɗauki kofin ƙasar tare, a 2013, 2014 da 2016. Mu a nan sunan Musa muke jira mu ji a rediyo, ba mu damu da wanda ke tsare masa gida ba.

A ƙungiyar ƙasa ma ba kullum aka san darajarsa ba. A gasar ƙasashen Turai ta 2008 mai horar da su, Guus Hiddink, ya ajiye shi a benci a wasan farko, Sifen ta lallasa su 4 da 1. Sai aka maido shi. Rasha ta ci wasa uku a jere, har da fitar da Holan, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. A 2015 ya wuce Viktor Onopko a yawan buga wa Rasha wasa, ya ƙare da wasa 127.

Bayan gasar Turai ta 2016 kowa ya ɗauka ya gama da ƙungiyar ƙasa. Amma da Gasar Cin Kofin Duniya ta 2018 ta ƙarato, wadda Rasha ce mai masaukinta, sai rauni ya yi ta ɗebe 'yan bayansu ɗaya bayan ɗaya. Saura 'yan makonni a fara, mai horarwa Stanislav Cherchesov ya kira tsohon. Yana da shekara 38, wasu abokan wasansa ba su ma shiga makaranta ba sa'ad da ya fara cin abinci da ƙwallo. Ya amsa. A wasa biyar da suka buga, ko minti ɗaya ba a fitar da shi ba.

Ran 1 ga Yuli suka haɗu da Sifen a filin Luzhniki na Mosko, mutum fiye da 78,000 suna kallo, wanda aka ci kuwa ya fita ke nan. A minti na 12 aka ba Sifen bugun tazara daga gefe. Ignashevich ya cakumi Sergio Ramos, suka zube ƙasa tare, idonsa ba ya kan ƙwallo ko kaɗan. Ƙwallon ta bugi bayan ƙafarsa ta faɗa ragarsu. Mutumin da aka kirawo domin ya kwantar wa yara da hankali, shi ne ya ci gidansu. Laifinsa ne kuwa, ba za mu ɓoye ba, gama ya bar ƙwallo ya kama kokawa, abin da kullum muke hana yaranmu.

Mun sha gani a filin makaranta yadda yaro yakan yi in irin wannan ta same shi. Ko dai ya sunkuyar da kai, ƙafafunsa su mutu har a tashi, ko kuwa ya yi ta rugawa gaba yana neman ramawa, ya bar gida a buɗe a sake cin su. Ignashevich bai yi ko ɗaya ba. Ya tashi ya kakkaɓe jiki ya koma wurinsa. Kafin hutu Gerard Piqué ya taɓa ƙwallo da hannu, Artem Dzyuba ya farke da fenareti. Daga nan sai Sifen ta yi ta juya ƙwallo, suka miƙa wa juna fiye da sau 1,000 a wasan, amma har aka cika minti 120 ba su sami ƙofa ba. Tsohon yana tsakiya yana nuna wa kowa inda zai tsaya.

Da aka zo bugun daga kai sai mai tsaron gida, ba wanda zai zarge shi in ya noƙe. Ɗan baya ne, ga gajiya, ga abin da ya riga ya faru. In ya ɓarar, har jikokinsa sai sun ji labari. Duk da haka shi ne na biyu da ya fito daga ɓangaren Rasha, ya ajiye ƙwallo ya buga ta shiga. Akinfeev ya tare bugun Koke, ya kuma kaɗe na Iago Aspas da ƙafa, Rasha ta wuce da 4 da 3. Bayan kwana shida, a birnin Sochi, aka sake kai wa ga fenareti da Kuroshiya. Ya sake fitowa, ya sake ci, amma biyu daga cikin abokansa suka ɓarar, aka fitar da su. Wannan shi ne bugunsa na ƙarshe, domin bayan wasan ya sanar cewa ya daina.

Aikin horarwa bai zo masa da sauƙi ba. Ya fara da taimaka wa masu koyar da matasan CSKA. A 2019 aka ba shi Torpedo ta Mosko, wadda ke rukuni na biyu, amma bai iya hawar da ita ba, suka rabu a 2021. A shekarar nan ya karɓi Baltika ta Kaliningrad, wani yanki na Rasha da ke ware a bakin teku tsakanin Folan da Lituwaniya. Wahalar tafiya kaɗai ta isa, gama a rukuninsu akwai ƙungiyar Khabarovsk, garin da agogonsa ya riga nasu da awa 8. A 2023 ya kai su rukuni na ɗaya, inda rabonsu da shi tun 1998.

Shekara ɗaya tak suka yi a can, suka faɗo. Abin mamaki, a wannan kakar ce kuma suka kai wasan ƙarshe na Kofin Rasha. Ran 2 ga Yuni, 2024, Ignashevich ya sake shiga filin Luzhniki, wannan karo yana tsaye a gefe, ba halin ya tare ƙwallo da kansa. Abokan karawarsu Zenit ne, zakarun ƙasar. Baltika ta fara ci, ta riƙe har wasa ya kusa ƙarewa, sai Zenit ta farke, ta kuma ƙara ɗaya cikin mintocin da alƙalin wasa ya ƙara. Aka tashi 2 da 1. Bayan 'yan watanni ya bar Baltika, a 2025 kuwa ƙungiyar ta koma rukuni na ɗaya a hannun wani mai horarwa dabam.