USS Cole: Yadda Aikin Rundunar Ruwa Ya Taru a Kan Jirgi Ɗaya

An ƙaddamar da jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna USS Cole a ranar 8 ga Yuni 1996, bayan an ƙera shi a Pascagoula ta jihar Misisifi, aka kuma raɗa masa sunan Sajan Darrell Cole, sojan da ya mutu a gumurzun Iwo Jima a 1945. Yana cikin dangin jiragen Arleigh Burke, waɗanda ake kira distiroya: tsawonsa mita 154, ma'aikatansa wajen 300, yana da ramukan harba makamai masu linzami guda 90, da tsarin Aegis wanda radarsa ke bin sawun abubuwa masu yawa a sararin sama a lokaci guda. Waɗanda suka zana shi da Tarayyar Sobiyet suke kwana suke tashi. A tunaninsu jirgin zai yi rakiyar manyan jiragen da ke ɗauke da jiragen sama a tsakiyar teku, ya tare ruwan makamai masu linzami da Rasha za ta harbo daga nesa. Sai dai jirgin farko na wannan dangi ya fara aiki a Yulin 1991, kafin ƙarshen wannan shekara kuwa Tarayyar Sobiyet ta wargaje. Ke nan an haifi Cole bayan abokin gaban da aka shirya shi dominsa ya riga ya kau. Abin da tarihin aikinsa ke nunawa shi ne yadda rundunar ruwan Amurka ta yi ta jibga wa irin wannan jirgi aikin da ba nasa ba, kuma ingancin jirgin da kansa ne ya ba ta damar yin haka shekara da shekaru ba tare da ta gyara tsarinta ba.

A ranar 12 ga Oktoba 2000 Cole ya tsaya shan mai a tashar Adan ta Yaman, a kan hanyarsa ta zuwa Tekun Fasha. Da misalin ƙarfe 11 da minti 18 na safe, wani ƙaramin kwale-kwale ɗauke da mutum biyu ya matso gefen hagu na jirgin, kamar ɗaya daga cikin ƙananan jiragen tasha da ke hidimar kwashe shara da ɗaure igiya. Masu gadi sun gan shi, amma umarnin da suke da shi bai ba su damar buɗe wuta a kan wanda bai fara harbi ba. Nakiyar ta tashi daidai saitin ɗakin girki, lokacin da ma'aikata suke layin abincin rana, ta huda rami mai faɗin kusan mita 12 a jikin ƙarfen. Mutum 17 suka mutu, fiye da 30 suka jikkata. Kwanaki sauran ma'aikatan suka yi, ƙarƙashin kwamandansu Kirk Lippold, suna yaƙi da ruwan da ke kwarara ciki, a cikin zafin Adan, wutar lantarki na ɗaukewa tana dawowa, gawarwakin abokansu na maƙale cikin murɗaɗɗen ƙarfe. Radar da ke hango makami daga ɗaruruwan kilomita ba ta da abin yi da kwale-kwalen da ya zo gab da jiki. Kuma ba wannan ne yunƙurin farko ba, domin a Janairun wannan shekara 'yan Alƙa'ida sun so yi wa USS The Sullivans haka a tasha ɗaya, sai kwale-kwalensu ya nutse saboda nauyin nakiya.

Me ya kai jirgi irin wannan Adan shi kaɗai, ba rakiya? Bayan yaƙin cacar baki Amurka ta rage yawan jiragenta daga kusan 600 a ƙarshen shekarun 1980 zuwa kusan rabin haka, har da tankokin da ke ba jirage mai a tsakiyar teku, amma ba ta rage wuraren da take son a ga tutarta ba. Ga kuma siyasa, domin manyan hafsoshin yankin suna son jawo gwamnatin shugaban Yaman Ali Abdallah Saleh a jiki, shan mai a Adan kuwa hanya ce ta ƙulla wannan zumunci. Jirgin da aka yi domin faɗan nesa sai ya zama manzon diflomasiyya, mai sintirin takunkumin Iraƙi, mai shiga ƙananan tashoshi. Ko shari'ar da ta biyo baya ta nuna nisan da tartsatsin ya yi. Iyalan mamatan sun maka Sudan a kotu bisa zargin ta taimaki Alƙa'ida, kasancewar Usama bin Ladan ya zauna a can har 1996, kuma a Fabrairun 2020 gwamnatin riƙon ƙwarya ta Abdallah Hamdok ta amince ta biya diyya, tana mai musanta hannu a harin, domin a cire ƙasar daga jerin masu ɗaukar nauyin ta'addanci. Talakan Sudan da bai san hawa ba bai san sauka ba shi ya biya wani ɓangare na kuɗin wannan rana.

An ɗora Cole a bayan wani ƙaton jirgin dako na Norway mai suna Blue Marlin, aka mayar da shi Pascagoula a Disamban 2000. Gyaran ya ci wajen dala miliyan 250, jirgin ya koma hannun runduna a Afrilun 2002, kuma a daɓen hanyar da ke kusa da ɗakin cin abinci an dasa taurari 17, ɗaya ga kowane mamaci, waɗanda ma'aikata ke wucewa ta wurinsu kullum. Cewa jirgin bai nutse ba shaida ce ga ƙirarsa ta zallan ƙarfe da jarumtar mutanensa, ba mai ja da wannan. Amma darasin da hukuma ta fi riƙewa shi ne cewa wannan dangi yana jure komai, jakin da bai kasa ba kuwa shi ake ƙara wa kaya. Jiragen da ya kamata su raba masa nauyi ɗaya bayan ɗaya suka ba da kunya. Dangin Zumwalt, wanda aka so ya gaje shi, an shirya ƙera 32, aka ƙare da 3 saboda tsada. Ƙananan jiragen gaɓar teku da aka yi domin sintiri mai araha sun zo da matsalar inji da ƙarancin makami, har aka fara yi wa wasunsu ritaya tun ba su cika shekara goma ba. Tsofaffin jiragen rakiya na dangin Perry na ƙarshensu ya ajiye aiki a 2015, manyan jiragen Ticonderoga su ma suna ta ƙarewa. Dole aka koma ƙera Arleigh Burke bayan an yi niyyar tsayawa a 62, yanzu sun haura 70. Shi ya sa za a ga Cole a gaɓar Lebanon a 2008, a Bahar Aswad a 2014 bayan Rasha ta ƙwace Kirimiya, sannan a mashigin Babul Mandab a 2017 bayan 'yan Huthi na Yaman sun kai wa wani jirgin yaƙin Saudiyya hari, wato dai ruwan da aka huda shi fiye da shekara 16 baya.

Sakamakon wannan lodi ya fara bayyana a jikin mutane kafin ƙarfe. A 2017 jirage biyu na wannan dangi suka yi karo da jiragen 'yan kasuwa: USS Fitzgerald kusa da Japan a watan Yuni, mutum 7 suka mutu, sai USS John S. McCain kusa da Singafo a Agusta, mutum 10. Jimilla 17, daidai da waɗanda Alƙa'ida ta kashe a Adan, ba kuma abokin gaba a kusa. Binciken rundunar da kanta ya ambaci gajiya, ƙarancin horo, da yawan tura jirage aiki ana ɗage lokacin atisaye da gyara. A ganina wannan ya fi harin Adan tayar da hankali, domin na Adan dabara ce ta maƙiyi, wannan kuwa zaɓi ne na masu tsara aiki a ofis.

Masu kare wannan tsari suna da hujja mai ƙarfi, kuma Bahar Maliya ce. Tun daga 19 ga Oktoba 2023, ranar da USS Carney ya shafe sa'o'i yana kakkaɓo makamai masu linzami da jirage marasa matuƙi na 'yan Huthi, waɗannan jirage sun yi faɗan da rundunar ba ta ga irinsa ba tun yaƙin duniya na biyu, kuma ba ko ɗaya da aka samu nasarar bugawa. Cole kansa, tare da USS Bulkeley, ya harba makaman kariya a daren 1 ga Oktoba 2024 lokacin da Iran ta yi wa Isra'ila ruwan makamai. Idan an ce musu ana kashe makamin dala miliyan 2 a kan jirgi maras matuƙi na 'yan dubban daloli, sai su ce lissafin ba haka yake ba, a kwatanta kuɗin makamin da jirgin da ya kare da rayukan mutum 300 da ke ciki. Wannan gaskiya ce ga kwamandan da ke da daƙiƙu kaɗan ya yanke shawara, ba wanda zai so ya yi tsimi a wannan hali. Amma ga ƙasa lissafin daban ne. Ramukan nan 90 ba a iya sake loda su a tsakiyar teku a yanayin aiki na yau da kullum, sai jirgi ya bar fagen daga ya nemi tasha, kuma sai a Oktoban 2024 aka gwada wata na'urar yin hakan a kan USS Chosin. Masana'antu ba sa ƙera makaman da saurin da ake harba su, kowane wanda aka ƙona a gaɓar Hudaida ta Yaman kuwa ya fita daga rumbun da aka tanada domin Sin. Abin da ya fi komai nauyi shi ne cewa an tura jiragen ne su buɗe hanyar kasuwanci, hanyar kuma ba ta buɗe ba. An nutsar da jiragen dako Rubymar a Maris 2024 da Tutor a Yuni, manyan kamfanonin dako suka ci gaba da zagayawa ta kudancin Afirka suna ƙara kwana goma ko fiye, kuɗin shigar Masar daga mashigin Suwez ya faɗo daga sama da dala biliyan 10 a 2023 zuwa wajen biliyan 4 a 2024. Jirgin ya kare kansa sosai, amma abin da ya kawo ƙarshen hare-hare na ɗan lokaci tsagaita wuta ne a Gaza da sulhun da Oman ta shiga tsakani a Mayun 2025.

Akwai masu cewa tunda haka ne zamanin manyan jirage ya wuce, suna nuni da yadda Yukren ta nutsar da jirgin yaƙin Rasha Moskva a 2022, ta kuma kori rundunar Rasha daga yammacin Bahar Aswad da kwale-kwale marasa matuƙi, jikokin wanda ya huda Cole. Ban yarda da su ba. Ba abin da zai tare makami mai linzami da ya taso daga Iran in ba rada babba da jirgi babba da zai ɗauke ta ba, kuma Sin, wadda ta fi kowa nazarin rauninsu, ita ce ta fi kowa ƙera irinsu a yau. Gyaran da ake buƙata shi ne a samar wa babban jirgin ƙannen da za su karɓi sintiri da rakiyar 'yan kasuwa, da makamai masu araha na ƙananan barazana, a bar shi ga aikin da shi kaɗai ke iyawa. Alamu ba su nuna an kama wannan hanya ba. Sabon jirgin rakiya na dangin Constellation an sanar da jinkirinsa na shekara uku a 2024, magajin Arleigh Burke kuwa a lokacin sai cikin shekarun 2030 ake sa ran fara ƙera shi. A ƙarshen Oktoban 2024 rundunar ta sanar da tsawaita wa'adin tsofaffin jirage 12 na wannan dangi fiye da shekara 35 da aka ƙayyade musu, Cole yana ciki, an ƙara masa shekara biyar zuwa 2036.